Dan Allah a taimaka: VirtualBox ya ƙi tashi, da ya tashi kuma sai jan jiki

Dan_Yelwa

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana kwamfuta ku agaza min, yau kwana huɗu kenan ina kokawa da abu ɗaya har na fara jin haushin sistem ɗin gaba ɗaya.

Ni ɗalibi ne a nan Bauchi, a Yelwa nake zaune, wannan zangon muna da kwas da dole sai da Linux, malamin ya ce kowa ya sa VirtualBox a laftof ɗinsa ya ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a ciki, wato kwamfuta a cikin kwamfuta ba sai mutum ya goge Windows ɗinsa ba. Ranan Litinin mai zuwa kowa zai buɗe nasa a gabansa ya nuna kuma ya ce akwai maki a kai.

Sistem ɗina HP EliteBook 840 G3 ne na hannu, Core i5, ram giga 8, wajen ajiya giga 500, Windows 10 Pro ne a kai. Bara na saya.

Tun farko ma ƙin shiga ya yi, ina danna fayil ɗin sai ya rubuto wai sai na fara sa Microsoft Visual C++ 2019 Redistributable, na je na nemo na sa wannan ya wuce. Ana cikin instolin ya sake tsayawa wai Missing Dependencies Python Core / win32api, ni kam na gaji na danna Yes kawai ya ƙarasa, a lokacin ma intanet ɗina ya ɗan yanke ya dawo, to ban sani ba ko a nan na ɓata abin.

Ubuntu 22.04 ɗin a filash ɗin wani ɗan ajinmu na kwafa don ba ni da datan sauke abu sama da giga 4. Shi a nasa sistem ɗin lafiya lau yake yi da wannan fayil ɗin, a gabana ya buɗe. Ni kuma wajen zaɓan nau'i babu 64-bit ko ɗaya duk 32-bit ne, na zaɓi wanda na gani, ina danna Start sai ga wani jan rubutu:

VT-x is disabled in the BIOS for all CPU modes
VERR_VMX_MSR_ALL_VMX_DISABLED

Na cire VirtualBox na sake sawa sau uku wallahi duk abu ɗaya. Jiya na hau acaɓa na kai wa wani mai gyara, ko minti biyu bai duba ba ya ce wai Windows ɗin ne ya lalace sai an yi fomatin, ni kuma duk takarduna da hotunan bikin yayata suna ciki kuma ba ni da inda zan kwashe su, shi ya sa na ce bari in tambaya a nan tukunna. Shin sistem ɗin ne ba zai iya ba in haƙura, ko akwai abin da ban yi daidai ba?

Injiniya_Tumfure

Wa alaikumus salam. Ƙanina kar ka yarda kowa ya yi maka fomatin, ko sau goma aka goge Windows wannan rubutun zai dawo, domin matsalar ba a cikin Windows take ba. Ai shi kansa saƙon ya faɗa maka inda take, a bayos (BIOS), wato setin cikin kwamfutar da ke tashi tun kafin Windows.

VT-x wata baiwa ce da Intel ke ginawa a cikin furosesa, ita ke ba shi damar ɗaukar wata kwamfutar a cikinsa. A AMD sunanta AMD-V, a bayos ɗinsu za ka gan ta da sunan SVM Mode. Naka yana da ita, a kulle kawai take, kuma laftof da yawa haka suke zuwa. Da can VirtualBox yana iya lallaɓawa ba tare da ita ba in 32-bit ne, amma tun daga VirtualBox 6.1 da ya fito ƙarshen 2019 suka cire wannan hanyar, yanzu in babu VT-x babu tashi. Ita ce kuma ta ɓoye maka 64-bit.

Kashe laftof ɗin gaba ɗaya. Kana danna maɓallin kunnawa ka fara bubbuga Esc, in menu ya fito ka danna F10. Shiga Advanced, sai System Options, za ka ga Virtualization Technology VTx da ɗan akwati a gefensa, ka sa masa alama, ka yi Save ka fita. Kada ka taɓa komai bayan wannan, na san hannun ɗalibai da ƙaiƙayi. Masu Dell F2 ne nasu, masu ThinkPad F1.

In Windows ya tashi ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka je Performance, ka danna CPU, a ƙasa ta dama za ka ga Virtualization. In ya ce Enabled an gama. Sai ka goge wancan da ka ƙirƙira da 32-bit ka yi sabo.

Abu ɗaya ne zai iya tare ka, irin waɗannan laftof ɗin na hannu yawanci daga ofisoshin Turai suke fitowa, wani lokaci da faswod a bayos. In ya tambaye ka faswod kada ka yi ta cinta, ka mayar wa wanda ya sayar maka.

Maganar Python kuwa manta da ita, ta masu rubuta furogiram ce da ke son sarrafa VirtualBox daga waje. Yankewar intanet ɗin ma haka yake yi wa kowa lokacin da yake dasa direban netwok ɗinsa. Ba abin da ka ɓata.

Dan_Yelwa

Allah ya saka da alheri Injiniya, Allah ya ƙara sani! Babu faswod, na sa alaman kuma 64-bit sun fito, ya tashi.

Amma fa murna ta koma ciki. Na fara instolin bayan sallan isha'i sai wajen sha ɗaya da rabi ya gama, abin da abokina ya ce nasa ko minti talatin bai kai ba. Yanzu in na kunna sai in je in yi alwala in dawo bai gama buɗewa ba, maus ɗin in na ja shi sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya biyo ni, in na rubuta harafi sai na ƙirga uku ya fito, fanka kuma ihu kaman injin markaɗe. Shi kansa Windows ɗin ya sandare ko Chrome ba ya buɗuwa.

Kuma ba rowa na yi masa ba, ram giga 6 na ba shi cikin 8, furosesa na ja har ƙarshe na ba shi duka 4 don ya yi gudu. Sikirin ɗin ɗan ƙarami ne a tsakiya ko na buɗe shi duka baya cika. Babban abin ma Terminal, wajen rubuta umarni, da shi ne za mu nuna ranan Litinin ƙin buɗewa yake, in na danna sai ɗan abin ya yi ta juyawa a sama ya ɓace.

Sarkin_Yakin_Linux

Hhhh malam duk wahalar nan ta mece ce, ka kwashe kayanka ka goge Windows ka sa Ubuntu kai tsaye ka huta, ni shekara biyar kenan ko kewarsa ban yi ba. In kuma dole sai kwamfuta cikin kwamfuta to ka koma VMware Workstation Pro, tun 2024 ya zama kyauta, rijista kawai za ka yi a shafin Broadcom ka sauke.

Ummu_Sadiq

Sarkin Yaƙi kai kullum maganinka ɗaya ne, ciwon kai a goge Windows, ciwon ciki a goge Windows. Yaro ya ce VirtualBox malaminsa ya ce, kuma saura kwana nawa Litinin. Sannan duk abin da ke danne wannan zai danne VMware ɗin ma, tunda gida ɗaya za su sauka.

Dan_Yelwa, ƙanina, alherin da ka yi ne ya yi yawa. Su masu abin da kansu Windows ɗinka suna kiransa mai masauki, Ubuntu kuma baƙo. To kai ka yi baƙo ka ba shi ɗaki da falo da tukunyar tuwo gaba ɗaya, ka bar mai gida a zaure da yunwa, alhali mai gidan ne zai ɗebo masa ruwa ya kawo masa abinci. Duk abin da Ubuntu zai karanta ko ya rubuta a faifai, duk abin da zai zana a sikirin, ta hannun Windows yake bi. Windows 10 kuwa ko ba ka buɗe komai ba yana riƙe da giga 2 zuwa 3, ka bar masa 2, ka kuma ce Chrome ya buɗe. In ram ya ƙare masa sai ya fara kwashe kaya yana zubawa a had dis yana ɗebowa, shi ne sandarewar da kake gani.

Furosesa ma haka. Wannan 4 da ka gani ba huɗu ba ne na gaske. Core i5 na wannan laftof ɗin ƙwaƙwalwa biyu gare shi, kowace tana riƙe layi biyu, shi ne ake ƙirga huɗu. Ka lura da sandar da kake ja a Settings, akwai kore akwai ja a ƙarƙashinta, ba ado ba ne, kada ka wuce kore.

Kashe Ubuntu ɗin sosai, ba Save State ba, don in a ajiye yake setin ba ya canzuwa. A System ka mayar da Base Memory 4096, in ka ga Windows yana nishi ka sauko 3072. Processor ka sa 2. A Display ka ja Video Memory zuwa 128, Graphics Controller ka bar shi a VMSVGA. In za ka yi aiki a Ubuntu ka rufe Chrome, shi kaɗai baƙo ne mai cin kwano uku.

Ƙaramin sikirin da maus mai tsalle, Guest Additions ne ba su zauna ba. Su ne direbobin da baƙon ke buƙata. Amma sai da Terminal za ka sa su, to bari mu fara da shi.

Na tabbata lokacin da kake ƙirƙira ba ka sa alama a Skip Unattended Installation ba. VirtualBox 7 yana da wannan sabon tsarin na yi maka instolin da kansa, kuma da Ubuntu 22.04 yakan bar abu biyu a karkace: setin harshe, wanda shi ke hana Terminal buɗewa, da kuma sunanka da ba ya sawa cikin masu ikon sudo, wato ikon ba da umarni a matsayin mai kula da sistem. A ɗakin kwamfutar da nake kula da shi a nan Gombe na gyara wannan ya fi a ƙirga, har na haddace. Shiga Settings na Ubuntu, Region & Language, ka canza Language zuwa wani Turancin, ko na Ingila ko na Kanada, ka yi Log Out ka dawo. Terminal zai buɗe. Sai ka rubuta

su -

ka sa faswod ɗin da ka bayar lokacin ƙirƙira, in ba ka canza komai ba sunan vboxuser ne faswod kuma changeme. Sannan

usermod -aG sudo sunanka

ka yi ristat. Bayan nan

sudo apt update
sudo apt install build-essential dkms linux-headers-$(uname -r)

Wannan zai ci data amma ba mai yawa ba. In ya gama ka je Devices a saman tagar, Insert Guest Additions CD image, ka buɗe faifan da ya bayyana ka kunna VBoxLinuxAdditions.run da sudo, ka sake ristat. Daga nan Ctrl na dama da F zai cika maka sikirin.

Amma awa uku na instolin ya fi ƙarfin ram kaɗai, akwai wani abu. Yi min abu ɗaya: in Ubuntu yana kunne ka duba can ƙasa ta dama, layin ƙananan hotunan nan. Kusa da ƙarshe, harafin V kake gani a cikin ɗan akwati ko wata dabba?

Dan_Yelwa

Anti wallahi kunkuru ne!! Kore, ɗan mitsitsi, da V a bayansa. Ni tun jiya ina ganinsa na ɗauka tambarin kamfanin ne. Innalillahi, ashe abin da kansa yana faɗa min tafiyan da zai yi.

Na rage ram da furosesa yanda kika ce Windows ya dawo hayyacinsa, Terminal ma ya buɗe bayan na canza harshen, Allah ya biya ki da aljanna. Amma Ubuntu ɗin har yanzu da nauyi. Ya ake korar kunkurun?

Injiniya_Tumfure

Hajiya ta riga ni, hannu ya san na gida.

Ƙanina kafin in amsa, ka taɓa ƙoƙarin sa WSL, wato abin kunna Linux a cikin Windows, ko Docker Desktop ko wani abin kunna manhajar Android a wannan laftof ɗin?

Dan_Yelwa

Eh kam, wajen watan azumi na bi wani bidiyo a YouTube na sa WSL, ya ƙi yi yana ba ni wani ero mai 0x80370102 na bar shi ban sake komawa kai ba. Har na manta da shi wallahi.

Injiniya_Tumfure

To ga ɓarawon nan. Wancan eron ma VT-x ɗin da ke kulle ne ya jawo shi, tun watan azumi cutar ɗaya ce.

Ga abin da ya faru. Windows yana da nasa injin na ɗaukar baƙi, sunansa Hyper-V. WSL2 a kansa yake hawa, don haka da ka bi bidiyon nan ka kunna wani abu da ake kira Virtual Machine Platform. A lokacin bai iya tashi ba saboda ƙofa a rufe take, sai ya kwanta yana jira. Shekaranjiya da ka buɗe VT-x a bayos, shi ya fara farkawa, domin yana tashi tun kafin Windows ɗin kansa ya gama tashi, ya riƙe VT-x ɗin. VirtualBox ya zo ya tarar an riga shi, kuma taura biyu ba ta taunuwa. A da in haka ta faru ƙin tashi yake yi sam, ya ce VT-x is not available. Daga VirtualBox 6.0 suka koya masa ya bi ta hannun Hyper-V ya roƙi aro, yana aiki amma da nauyi, shi ne suke sa maka kunkuru don ka sani.

Korarsa: a wajen bincike na Windows rubuta Turn Windows features on or off. Cire alama daga Hyper-V, Virtual Machine Platform, Windows Hypervisor Platform, da Windows Sandbox in akwai. Sannan ka buɗe Windows Security, Device security, Core isolation, in Memory integrity yana kunne ka kashe, shi ma a kan Hyper-V yake zaune, kuma shi ne wanda ya fi ɓoye wa mutane musamman a Windows 11 da yakan zo da shi a kunne. Daga nan ka buɗe Command Prompt da Run as administrator ka rubuta

bcdedit /set hypervisorlaunchtype off

ka tabbata ya ce an yi nasara, sai ka yi Restart. Restart fa, ba Shut down ba, saboda Windows 10 yana da Fast Startup, in ka yi Shut down ba mutuwa yake yi duka ba, rabin barci ne.

Sai dai in gaya maka gaskiya abin yana da farashi. Muddin Hyper-V yana kashe, WSL2 da Docker Desktop ba za su yi ba. Ranar da ka buƙace su sai ka mayar da alamomin, ka rubuta wancan layin amma ka sa auto a madadin off. Memory integrity kuma kariya ce ta gaske, ba shirme ba ne. A laftof ɗin ɗalibi da ke koyon Linux ni ba na jin komai in an kashe shi, amma wanda ke karanta wannan da kwamfutar ofis, kada ya taɓa sai ya tambayi masu kula da ita.

Sarkin Yaƙi, VMware ɗin naka ma in ya tarar da Hyper-V a kunne ta hannunsa yake bi, shi dai ba ya zana kunkuru ne kawai.

Sarkin_Yakin_Linux

Na ji na karɓa Injiniya. Amma ku lura duk wannan dogon bayanin Windows ake lallashi, ni dai ban ce komai ba.

Baban_Khalifa_Wunti

Salam. Ni ba injiniya ba ne gyara nake yi, shekara goma sha ina buɗe cikin laftof a nan Bauchi, kuma ina ba da haƙuri a madadin ɗan uwanmu da ya ce a yi fomatin, wani lokacin mutum ya ga layi a shago sai ya faɗi abin da ya fi sauri.

Duk abin da su Hajiya suka faɗa daidai ne amma akwai inda nake da ja. Ka ce wajen ajiya giga 500. SSD, wajen ajiya mai sauri da ba ya juyawa, yawanci 128 ne ko 256 ko 512, wanda ake cewa 500 cif a irin wannan laftof ɗin na hannu sau da yawa had dis ne mai juyawa, irin mai zagaye 5400 ko 7200 a minti. Ka kara kunnenka a gefen maus in kana jin ƙus ƙus ƙus to shi ne. Ko ka buɗe Task Manager wajen Disk ka gani, zai rubuta HDD ko SSD, kuma ina kyautata zaton in Ubuntu na kunne za ka gan shi a 100% ya ƙi saukowa. Shi had dis allura ɗaya gare shi kamar ta garmaho, Windows na janta nan Ubuntu na janta can, ko ka kori kunkuru goma wannan jan ba zai bari ka ji daɗi ba. Laftof ɗinka yana da ramin M.2 a ciki banda inda had dis yake, ana iya sa SSD a mayar da Windows kai a bar tsohon ya zama sito, ramin ram ma biyu ne DDR4, in ka samu hali ka ƙara 8 ya zama 16 ka manta da lissafin cokali.

Sai zafi. Mutane suna raina wannan. Jiya na buɗe wani irin naka, tsakanin fanka da ƙarfen da ke fitar da zafi na zaro ƙura ta dunƙule kamar audugar katifa, duk ta hunturun bana ce, man da ke kan furosesa kuma ya bushe ya zama kamar alli. In furosesa ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, to ka haɗa da zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu kuma na san a kan katifa kake ɗora shi kana toshe masa hanci. Ka samu tire ko faranti ka ɗora, ko littattafai biyu a gefe da gefe iska ta shiga ta ƙasa.

Kuma ka riƙa sa caja in za ka kunna shi, a batir Windows yana rage wa furosesa ƙarfi, ka danna hoton batir ka ja zuwa Best performance. In an ɗauke wuta kuma batirin ya kusa ƙarewa kar ka bari ta mutu da Ubuntu a kunne, na ga wanda ya dawo ya tarar an rubuta Aborted ya kunna ya ƙi hawa saboda faifan ya samu rauni a tsakiyar rubutu. Ka rufe tagar ka zaɓi Save the machine state, sakan kaɗan ne.

Ummu_Sadiq

Baban Khalifa gaskiyarka kan had dis, ban kawo shi a raina ba. Inda ban bi ka ba shi ne kada yaro ya ji kamar sai ya kashe kuɗi kafin Litinin. Ya fara da na kyauta, ɗaya bayan ɗaya, yana gwadawa bayan kowanne, in ya canza abu biyar lokaci guda ba zai san wanne ya yi aiki ba.

In had dis ɗin ne kuma babu kuɗin SSD yanzu, akwai Xubuntu ko Lubuntu. Ubuntu ne sak a ciki, umarni ɗaya, apt ɗaya, fuskar ce kawai mara nauyi, da giga 2 ma suna tafiya. GNOME, fuskar Ubuntu, shi ne mai son kwalliya. Sai dai ka tambayi malaminku ko zai karɓa.

Kuma da zarar komai ya zauna, ka ɗauki Snapshot guda ɗaya, wato ajiyar yanayin da Ubuntu ɗin yake ciki a lokacin, ka sa masa suna. Ranar da ka goge wani abu da sudo rm da bai kamata ba, kuma za ka yi, kowa ya yi, minti ɗaya ka dawo inda kake. Kada dai ka tara su da yawa, suna cin wuri, kuma kada ka taɓa shiga folda ka goge fayilolinsu da hannu, ta cikin VirtualBox ake gogewa.

Dan_Yelwa

Jama'a na dawo da rahoto. Virtual Machine Platform ne kaɗai ke da alama, na cire, Memory integrity dama a kashe yake, na rubuta layin bcdedit ɗin, karon farko ya ce Access is denied ashe ban buɗe da administrator ba, na sake ya karɓa na yi Restart. Kunkuru ya tafi, V ne yanzu a wajen.

Na sa agogon waya na gwada, da yana cin sama da minti bakwai kafin in ga inda zan sa faswod, yanzu minti ɗaya da 'yan sakanni. Guest Additions ma sun shiga sikirin ya cika har ina kwafan rubutu daga Windows in liƙa a Terminal bayan na kunna Shared Clipboard. Na ɗauki Snapshot na sa masa suna kafin_in_bata.

Baban Khalifa kai ma ka canka, HDD ne, kuma wanda ya sayar min ce min ya yi SSD ne ni kuma ban san yanda ake dubawa ba a lokacin, Allah ya isa ban ce ba amma na ji zafi. In ana apt install yana hawa 100% ya ɗan daskare sannan ya sake. Yanzu haka a kan tiren shayin mamana yake zaune fanka ya rage ihu. In an biya mu kuɗin aikin da muka yi zan shigo Wunti a sa SSD ɗin a kuma share ƙuran.

Saura abu ɗaya, na yi Shared Folder don in riƙa ajiye asamen a Windows, yana fitowa a Ubuntu da suna sf_ a gaba amma in na danna sai ya ce ba ni da izini.

Ummu_Sadiq

sudo usermod -aG vboxsf $USER

Sai ka yi Log Out ka dawo, in ya ƙi ka yi ristat. Kuma ka mayar wa Mama tirenta kafin lokacin shayin safe.